Ƙofar Ruwan Gandun Nishaɗi

Shafi na 14

Da sunan Allah, Mai ba bawa haƙurin abin da ya fi ƙarfinsa.

Masu turo min saƙo tun shekaranjiya wai na cika mugunta da na bar Nafisat ta mutu, na gani, duk na karanta. Har da wadda ta ce in dawo da ita ko da cewa zan yi mafarki ne. 'Yar'uwa, ni ma na yi kukan nan. Amma wanda ruwa ya ci ba alƙalami ke dawo da shi ba. Ku gyara zama, yau ma ba daɗi za ku ji ba.

*

Yau kwana bakwai ke nan da aka tsamo Nafisat a bakin kwalbati. Shekararta biyar. Ƙunshin Sallah na nan ja wur a tafin hannunta lokacin da aka yi mata wanka.

Zuliha, uwarta, tun kwana na uku aka dawo da ita gidan iyayenta, don a can ɗakinta duk inda ta waiga sai ta ci karo da wani abu na yarinyar, ta yanke jiki ta faɗi. Yanzu tana zaune a inuwar ɗakin Inna mahaifiyarta, mata na shige da fice da kwanukan gumba da waina na sadaka. Kowa ta zo ta ce ya haƙuri, ita kuma ta ce da godiya, ba tare da ta san wa ta amsa wa ba.

Wanda bai san Gandun Nishaɗi ba, wuri ne da wani Alhajin birni ya gina a bakin babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Akwai lilo, da jirgin ƙasa na yara, da dawakan roba masu zagayawa, sai wani ɗan rafi na siminti da ake janyo masa ruwa daga kanal, zurfinsa iyakar gwiwar yaro. Wurin iyali ne, haka aka rubuta a ƙofa. Amma ran uku ga Sallah sai ga bas biyu cike da 'yan kwaleji, maza da mata, kowa da robar zoɓo a hannu, irin zoɓon da in an buɗe shi uwa ke toshe wa ɗanta hanci. Gardawa da gemu suka kori yara daga lilo suka haye. Suka karya wuyan dokin roba guda. Wani ya kelaya amai a gefen tabarmar da wata tsohuwa ke salla. Masu gadi kuwa suka zuba ido kamar an aiko su kallo.

Ana cikin haka ruwa ya taho. Wani ne ya buɗe ƙofar ruwan da ke sama da wurin har ƙarshenta, rafin yara ya zama kogi kafin a ce kwabo. Yara goma sha ɗaya ne a ciki. An fizgo goma.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙofar nan da sarƙa da kwaɗo take, kuma da aka je an tarar da kwaɗon a kulle lafiya lau, ruwan ma an mayar an rufe. Makulli kuwa ɗaya ne tak, yana aljihun Malam Iliyasu, mahaifin Zuliha, wanda manoman yankin suka damƙa wa rabon ruwa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Manajan wurin ya ce a tambayi mai makulli. Dangin mijin Zuliha ma suka ce a tambaye shi. Shi ne Dagaci ya yanke cewa yau bayan la'asar Malam Iliyasu zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse ba shi ya buɗe ba, ba kuma wani na gidansa ba ne. In ya rantse ya fita. In ya ƙi, 'yan sanda su tafi da shi.

Ana idar da azahar wata budurwa ta yi sallama. Zumbulelen hijabi baƙi har ƙasa, amma takalminta da ƙamshin turarenta sun riga sun faɗa wa kowa ba 'yar nan ba ce. Ta ratsa mata ta zo ta durƙusa a gaban Zuliha.

"Anti, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah Ya sa mai ceto ce."

"Amin."

Ba ta tashi ba. Sai murza yatsunta take yi.

"Anti, don Allah magana nake so mu yi. Mu biyu kawai."

Zuliha ta ɗago jajayen idanunta. "Ke 'yar gidan wa ce?"

"Daga cikin gari nake. Sunana Kubra." Ta sassauta murya. "Ina cikin waɗanda suka zo ran nan. A bas."

Da wata ce da tuni an ji ƙarar mari. Zuliha kuwa ƙarfin marin ma babu. Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗakin Inna, yarinyar ta biyo ta ta saki labule.

"Kin zo ki ga ko mun gama kukan ne?"

"Wallahi Anti ni ban sha komai ba, ni dai..."

"Na tambaye ki?"

Kubra ta fashe da kuka. "Ƙarya nake yi. Na sha. Duk mun sha. Cewa aka yi a je yawon Sallah a ɗan huta."

"A wurin yara."

"Can ne ba mai bincike. A gari kamawa ake yi."

"To kun huta?"

Yarinyar ta girgiza kai, majina da hawaye suka haɗe mata. "Kwana bakwai ban runtsa ba. An ce kowa ya goge abin da ya ɗauka a waya, duk sun goge. Ni na kasa. Jiya na ji wai wani tsoho za a sa ya rantse."

"Ubana ne."

"Na sani. Shi ya sa na zo."

Ta zaro waya daga cikin hijabi, ta danna ta miƙa mata.

Bidiyo ne. Hoton na rawa, ga kiɗa, ga ihu. Gardawa biyar ko shida a tsaye a kan dakalin ƙofar ruwa, ɗaya ya tuɓe riga yana jijjiga sitiyarin ƙarfen da ake murɗawa ruwa ya fita.

"Wannan ai ruwan jarirai ne!" in ji shi cikin muryar maye. "A ƙaro mana, wanka za mu yi!"

"A kulle yake, Oga!"

Sai wani ya kutso daga baya yana tangaɗi, hular hana-salla a kansa, baƙin gilashi a ido.

"Ku matsa. Ku 'yan birni me kuka sani ban da cin shinkafa?"

Ko kallon kwaɗon bai yi ba. Tsugunawa ya yi ya kama turken ƙarfen da aka ɗaure sarƙar a jikinsa, ya girgiza shi hagu sau biyu, ya ɗaga. Turken ya fito daga ƙasa da sarƙarsa da kwaɗonsa gaba ɗaya. Aka kaure da shewa da tafi.

Gindin turken nan ya ruɓe tun shekarar da aka yi ambaliya, kuma mutum uku ne kaɗai suka sani: Baba, da ita da ke kai masa abinci bakin kanal tana yarinya, da wanda Baba ke aika ya saki ruwa in ciwon ƙafarsa ya tashi. Ba ta ma buƙatar wannan tunanin. Muryar kaɗai ta ishe ta, don mai muryar a bayanta ya girma.

"Tofi muke ce masa a makaranta," in ji Kubra. "Sai shekaranjiya na ji wai yarinyar 'yar yayarsa ce."

"Taufiq yana makaranta ranar." Muryar Zuliha ta fito kamar ba tata ba. "Cewa ya yi ba zai zo Sallah ba, karatu ya yi masa yawa. Ni da kaina na soya cincin na aika masa."

Kubra ta sunkuyar da kai.

"Tura min."

"Anti, don Allah kar ki ce ni ce."

"Tura min, ki tashi ki bar garin nan tun mata ba su gane ki ba."

*

A rumfar albasa ta same shi, bayan gida. Tun da aka yi rasuwar nan ya tare, yana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau, ba ci ba magana. Mata har yabonsa suke yi, wai kai, yaron nan ya ji mutuwar 'yar nan, ai shi ya shiga kabari ya karɓe ta da hannunsa. Hmm. Ni dai na ce Allah Ya raba mu da yabon da ba a san tushensa ba.

"Taufiq."

Ya ɗago a firgice. "Yaya? Me kika fito yi cikin wannan ranar?"

"Cincin ɗin da na aika maka, ya isa?"

"Ya isa, Yaya."

"A makaranta ka ci?"

Ya kawar da kai. Ta danna wayarta ta ɗora a kan buhu. Kiɗan na tashi albasar da ke hannunsa ta suɓuce ta gangara.

"Kashe, Yaya. Don girman Allah kashe."

"A'a, kalla mana. Ai ka iya. Dubi yadda ake tafa maka."

Ya zube a ƙasa ya rarumo ƙafafunta.

"Cika ni."

"Yaya..."

"Na ce cika ni! Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka bi kanal ɗin?"

Duk ɗan gidan Malam Iliyasu ya san wannan tambayar. Baba bai taɓa sakin ruwa ba sai ya taka da ƙafarsa daga bakin ƙofa har kwalbati, sanda a hannu, ya kori yara masu wanka, ya tashi mata masu wanki, ya leƙa ko wata akuya ta faɗa. Sannan ya dawo ya yi bisimilla ya murɗa. Manoma sun sha yi masa tsiya wai yana ɓata musu lokaci, shuka na ƙishi shi yana yawo. Bai taɓa fasawa ba, kuma ko ɗan tsako ruwansa bai taɓa ci ba.

"Ka bi?"

"Ban bi ba."

"Wa ya koya maka turken?"

"Baba."

"Wa ya koya maka bin kanal?"

"Baba."

"Sai ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya."

"Wallahi Yaya murɗa biyu kawai na yi niyya. Biyu! Su ne suka karɓe sitiyarin, suna gasar wa zai fi juyawa. Ni kaina na juyawa, na koma gindin mangwaro ina amai. Sai ihu na ji."

"Sai ka yi me?"

"Na ruga na rufe. Na mayar da turken. Na tattake ƙasar."

"Kana da hankalin tattake ƙasa."

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Amma ba ka da hankalin gangarowa ka taya mu nema. Ina bin kanal ba ɗankwali, ba takalmi, ina kiran sunanta har muryata ta dishe. Kai kana ina?"

"A bas."

"A bas!"

"Ban san ita ce ba! Wallahi ban sani ba sai da Inna ta kira ni a waya!"

"Da 'yar wani ce fa? Shi ke nan an ci banza?"

Ya kifa kai a kan buhu yana wani irin kuka mai fitowa daga ciki. Zuliha ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Tana so ta tsane shi, tana neman tsanar a zuciyarta kamar mai lalube a tukunyar da ba komai, sai baƙin ciki kawai take tararwa.

"Tun yaushe kake sha?"

"Tun bara."

"Me aka rage ka da shi a gidan nan?"

"Ɗan albasa suke ce min, Yaya. In na shiga ɗaki sai su toshe hanci suna dariya. Ranar da na fara sha, ranar suka daina."

"Albasar ce ta kai ka makarantar."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka kwaso su ka kawo ƙofar gidanku ba."

"Ba ni na zaɓi wurin ba. Sai da muka wuce Kura na gane inda za mu. Ban ma faɗa musu nan ne garinmu ba, sai da abin ya hau min kai."

Zuliha ta buɗe baki za ta yi magana, sai wani abu ya faɗo mata a rai. Ta dafa ginshiƙin rumfar.

"Nafisat ta gan ka."

Taufiq ya daina motsi.

"Tana kan dokin roba ta ce min, Umma ga Kawu can. Na ce rufe min baki, Kawunki na makaranta, me zai kawo shi cikin 'yan iska. Ta ce Allah Umma shi ne. Na dungure mata kai." Muryarta ta karye. "Na dungure mata kai, Taufiq. A kan gaskiya. Shi ne ta yi fushi ta sauka ta tafi wurin ruwa."

"Ta ɗago min hannu," ya ce da kyar. "Sau biyu. Na ja hula na juya baya. Ba na so ki gan ni da roba a hannu."

A nan Zuliha ta durƙushe. Kukan da ta yi ranar da aka tsamo gawa daban, wannan daban. Wancan da ihu ne, wannan kuwa ko sauti babu, sai jikinta da ke jijjiga.

Ƙarar faɗuwar kwano suka ji a bayan zana. Inna Adama ce, mahaifiyarsu, ta biyo ɗanta da fura ko zai sha. Furar ta malale a ƙasa har kan ƙafarta. Ta shigo tana bin zana da hannu kamar makauniya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta kalli Taufiq. "Kai, gaskiya ne abin da kunnena ya ji?"

Ya kasa ɗagowa.

"Giya? A cikina na ɗauki mashayi?"

Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka, hannun ya tsaya a sama, ya sauko a hankali ya dafa kansa. Uwa ke nan. Sannan ta juyo wurin Zuliha, idonta na kan wayar da ke kan buhu.

"Ke, wa ya ga wannan abin?"

"Ni. Da wadda ta kawo."

"To ya tsaya a nan."

"Inna?"

"Na ce ya tsaya a nan. Ɗaya ta tafi, ba za ta dawo ba. So kike a ƙara min da na biyu? Kin san dangin mijinki. Kafin 'yan sanda su karɓe shi sun gama da shi."

"Inna, Baba fa zai dafa Alƙur'ani. Cewa zai yi ba wani na gidansa ba ne."

"Ai bai sani ba. Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba."

"Ni fa? Ni na sani. Ke ma yanzu kin sani. Mu zauna a tsakar gida muna rabon gumba, shi yana can yana rantsuwa a kan ƙarya?"

"Rufin asiri ake nema, 'yar nan."

"Asirin wa? Nafisat an rufe nata, da ƙasa."

Inna ta zube a gabanta, tsohuwa da furfurarta, ta kama bakin zaninta. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙe ki. Ki dubi nonon da kuka sha tare."

Wallahi ban san wa zan fi tausaya wa ba a cikin matan nan biyu. Kowace ɗanta take karewa, sai dai ɗaya nata yana numfashi.

Daga masallacin unguwa aka ji liman ya yi sallama. An idar da la'asar.

Zuliha ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki wayarta. "Tashi mu je, Taufiq. Ka faɗa da bakinka. Shi ne kaɗai abin da ya rage da za ka iya yi wa Baba."

Ya yunƙura zai miƙe. Ya kai rabi, sai ya koma ya rungume ginshiƙin rumfa.

"Ba zan iya ba, Yaya. Kashe ni za su yi."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta zare zaninta daga hannun Inna ta fita ta ƙofar baya.

*

Ƙofar gidan Dagaci ta cika maƙil. Manoma sun baro gonakinsu da taɓo a ƙafa, masu babura sun kashe injina sun tsaya. Dagaci na kan kujera a gindin tsamiya, Liman a gefensa da Alƙur'ani a cikin gafaka. Ga manajan Gandun Nishaɗi yana ta share gumi, ga ɗan sanda guda a jingine da mota. A gefe guda kuma Muhammadu Sani ne, mijin Zuliha, a tsakiyar 'yan'uwansa. Kwana bakwai sun mayar da shi kamar wanda ya shekara yana jinya.

Zuliha ta tsaya a can baya, jikin katanga, inda mata biyu-uku suka raɓe suna leƙe. Wayar na cikin tafin hannunta, ta jiƙe da gumi.

Baba na durƙushe a tsakiya a kan buzu, ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba. Liman ya zare Littafin ya ajiye a gabansa.

"Malam Iliyasu, ka san abin da ke gabanka. Izu sittin ne. Za ka dafa ka ce ba kai ka buɗe ruwan nan ba, ba da saninka aka buɗe ba, ba kuma wani na gidanka ba ne. Ka fahimta?"

"Na fahimta, Allah gafarta Malam."

"Bisimilla."

Zuliha ta yi taku ɗaya, ta tsaya.

Baba ya miƙa hannu. Hannun ya je dab da bangon Littafin, ya tsaya. Ya daɗe a haka, har mutane suka fara kallon juna. Sai ya janye shi ya mayar kan cinyarsa.

"Ranka ya daɗe, ba zan rantse ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni.

"Me ka ce?" in ji Dagaci.

"Ni na buɗe."

"Iliyasu!"

"Ni na buɗe, ranka ya daɗe. Na ga shukar mutane na ƙishi, na ce bari in ɗan saki ruwa. Tsufa ya sa na manta ban bi kanal ba. Da na ji ihu na rufe na kulle, tsoro ya hana ni faɗa."

Wani tsoho ya miƙe daga cikin manoma yana dogara sanda. Jaji ne, abokin Baba tun suna yara.

"Kai Iliyasu, ka ji tsoron Allah! Ran nan ba tare muka yi la'asar a Garun Mallam ba, wurin gaida ƙanwarka? A bayan babur ɗina ka dawo!"

"Ka manta ne, Jaji. Wannan ran biyu ga Sallah ne."

"Ni na manta?"

"Ka manta."

Sai a lokacin Zuliha ta gane. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana tsugunawa a gindin turken nan, ai kallo ɗaya zai yi wa ƙasar ya san an taɓa ta, ya kuma san hannun da ya taɓa. Tun ranar farko ya sani. Kwana bakwai yana zaune a gida ɗaya da yaron, yana karɓar gaisuwa, bai ce uffan ba.

Muhammadu Sani ya miƙe a hankali. 'Yan'uwansa suka riƙe masa riga, ya fizge.

"Baba, kai?" Hawaye na bin fuskarsa. "Kai da take kira ango? Kai da kake ɗora ta a wuya ka kai ta ganin ruwa?"

"Ni ne, Sani. Ka yi min duk abin da ka ga dama."

Ɗan sandan ya baro jikin mota yana laluben ankwa a ƙugunsa. Baba ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a gaban Dagaci, sannan ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa.

"Ƙarya kake yi, Baba!"

Gaba ɗaya wurin ya waiwayo. Ita kanta ba ta san lokacin da ta ratsa maza ta iso tsakiyar fili ba, mayafinta na jan ƙasa. 'Yar da ko ido ba ta taɓa haɗawa da ubanta ba, yau ita ce ta ƙaryata shi a bainar jama'a. Wani ya ce subhanallahi. Liman ya yi sauri ya rufe Littafin da gafaka.

Baba ya ɗago. Ya dubi fuskarta, ya dubi wayar da ke hannunta, ya sake duban fuskarta. 'Yar fari ce, tun da aka haife ta kunya ba ta taɓa barinsa ya kira sunanta ba. Yau ya kira.

"Zuliha."

"Baba..."

"In kika ƙara kalma ɗaya a wurin nan, ban yafe miki ba. Duniya da lahira."

Ta ja da baya, ta yi karo da mutum. Mijinta ne. Bai ɗaga murya ba, bai ko taɓa ta ba. Ya sunkuyo ya dubi cikin idonta.

"Maman Nafisat," ya ce, "wa ya kashe mana ita?"